Fastocin Yaƙi: Yinsu, Tara Su, da Shaidar da Suke Bayarwa

1. Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a gari lokacin da ake haramar zaɓe ya san takardun nan masu hoto da ake mannawa a jikin bango da gindin itatuwa, waɗanda ake kira fosta, jam'insu fastoci. Ya kuma san yadda suke ƙarewa: rana ta ƙona su, ruwa ya jiƙa su, yara su yage, akuya ta cinye abin da ya saura. Ana yin fosta ne don ta yi magana da mai wucewa cikin ƙiftawar ido, sa'an nan ta ba wata wuri. Wanda ya zana ta da wanda ya buga ta duk ba su sa ran za ta yi shekara.

Amma akwai wani rukuni na fastoci da a yau ake sa wa gilashi, ana ajiye su a gidajen tarihi, ana kuma gwanjonsu da kuɗi masu nauyi a Landan da Niyok. Su ne waɗanda gwamnatoci suka buga a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918, da na Biyu, 1939 zuwa 1945, don ƙarfafa gwiwar jama'arsu. Wannan lacca za ta duba dalilin yinsu, da mutanen da suka tara su, da hanyar gane na asali da adana shi. Za ta kuma tsaya a kan tambayar da ta fi shafar ɗalibin tarihi, watau ko abin da ya tsira daga cikinsu shi ne ainihin abin da mutanen wancan zamani suka gani.

2. Dalilin Yinsu

A 1914 ba a fara watsa shirye-shiryen rediyo ga jama'a ba, balle talabijin. Jarida kuwa sai mai kuɗin saye da kuma iya karatu. Bango ne kaɗai mai kuɗi da matalauci suke kallo kyauta. Ga shi kuma fasahar buga hoto mai launi ta riga ta nuna. Wani Bajamushe, Alois Senefelder, shi ya ƙago bugun dutse wajen 1796. Ana zana hoto da tawada mai maiƙo a kan shimfiɗaɗɗen dutse, a jiƙa dutsen da ruwa, sa'an nan a shafa tawadar bugu. Da yake ruwa da mai ba su haɗuwa, sai tawadar ta kama inda aka yi zane kaɗai. Kowane launi da dutsensa. A Paris, Jules Chéret ya kai wannan sana'a matuƙa wajen tallan haja da wasanni tun daga shekarun 1860. Da yaƙi ya ɓarke, sai gwamnatoci suka tarar da kayan aiki da gwanaye a shirye.

Ingila ta fi kowa bukatar lallashi da farko, domin ba ta kafa dokar tilasta shiga soja ba sai a 1916. Ranar 5 ga Satumba 1914 mujallar London Opinion ta fito da zanen Alfred Leete a bangonta: fuskar Lord Kitchener, Sakataren Yaƙi, wanda ya ci Omdurman ta Sudan a 1898, yana nuna mai kallo da yatsa, yana cewa ƙasarsa na bukatarsa. Wannan yatsa ya yi jikoki. James Montgomery Flagg ya kwaikwaye shi a Amurka da hoton dattijon nan Uncle Sam, aka buga fiye da kwafe miliyan 4 tsakanin 1917 da 1918. Dmitri Moor ya sake yin irinsa a Rasha a 1920, da hoton sojan Rundunar Ja.

Bayan neman sojoji, an yi fastoci don neman rance daga hannun jama'a. Zanen Abel Faivre na 1916, mai nuna sojan Faransa ya ɗaga hannu yana kiran 'yan'uwansa gaba, na neman rance ne. A 1943 aka zaga Amurka da zane-zane huɗu na Norman Rockwell a kan 'yanci huɗun da Shugaba Roosevelt ya ambata a jawabinsa na Janairu 1941, aka sayar da takardun rancen yaƙi na fiye da dala miliyan 130. Akwai kuma masu horon tattalin abinci da gawayi, da masu gargaɗin a kama baki kada magabci ya ji, kamar jerin barkwancin da Fougasse ya zana a Ingila a 1940.

3. Abin da Ake Nufi da Na Asali

Kalmar asali tana da hawa uku a wannan fage, kuma rashin rarrabe su ya sa masu saye da yawa sun yi asara. Hawa na farko shi ne zanen hannu, wanda mai zane ya yi da fenti ko alli ya miƙa wa maɗaba'a. Shi guda ɗaya ne tak, sau da yawa ma akan ga bayanin ma'aikatan ɗab'i da fensir a gefensa. Irin wannan bai cika shiga kasuwa ba, domin ya zama kayan gwamnati. Zanen Leete na Kitchener yana Gidan Tarihin Yaƙi na Landan tun 1917. Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ingila da ke Kew tana riƙe da zane-zanen hannu kusan 2,000 na Ma'aikatar Watsa Labarai ta lokacin Yaƙi na Biyu.

Hawa na biyu shi ne bugun zamanin, watau kwafen da aka buga lokacin yaƙin don a manna. Shi masu tarawa suke nufi in sun ce fosta ta asali, ko da an buga dubbai irinta. Hawa na uku shi ne maimaicin bugu na bayan yaƙi, wanda ake yi don ado ko koyarwa. Ba laifi a mallake shi, laifin yana ga wanda ya sayar da shi da sunan bugun zamanin.

4. Waɗanda Suka Tara Su

Abin lura shi ne tun ana cikin yaƙin wasu suka gane cewa waɗannan takardu za su zama shaida. A Paris, wani attajiri Henri Leblanc da matarsa Louise sun fara tara duk wata takarda da ta shafi yaƙin tun watan Agusta 1914, suka kuma ba gwamnatin Faransa abin da suka tara a 1917. Daga nan aka sami ɗakin karatun da a yau ake kira La Contemporaine a Nanterre. A 1917 ɗin ne aka kafa Gidan Tarihin Yaƙi na Landan. A 1919 Herbert Hoover, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya ba Jami'ar Stanford kuɗi don tara takardun yaƙi, kuma cibiyar da ke ɗauke da sunansa tana da fastoci fiye da 100,000 daga ƙasashe masu yawa.

Labarin da ya fi nuna abin da ke tattare da wannan harka shi ne na Hans Sachs, wani likitan haƙori Bayahude a Barlin. Tun yana ɗan makaranta ya fara tara fastoci iri-iri, na talla da na wasanni da na siyasa da na yaƙi. A 1905 ya kafa ƙungiyar masu sha'awar fosta, a 1910 ya fara fitar da mujallar Das Plakat. Ya tara kimanin 12,500. A 1938 gwamnatin Hitila ta ƙwace su duka ta hannun ma'aikatar farfaganda ta Goebbels, aka kuma tsare shi a sansanin Sachsenhausen na 'yan makonni, kafin ya tsere da iyalinsa zuwa Amurka. A 1961 gwamnatin Jamus ta Yamma ta biya shi diyyar mak 225,000, bisa zaton cewa kayan sun halaka a yaƙi. Bayan 'yan shekaru ya ji cewa wani kashi yana wani gidan tarihi a Barlin ta Gabas, inda hannunsa ba ya kaiwa. Ya rasu a 1974 bai karɓe su ba. Ɗansa Peter ya shigar da ƙara, kuma a watan Maris 2012 babbar kotun ɗaukaka ƙara ta Tarayyar Jamus ta umarci Gidan Tarihin Jamus ya mayar masa da fiye da 4,000. A 2013 aka fara gwanjonsu a Niyok.

Darasi biyu ne a nan. Na farko, ba ya isa a ce takarda ta asali ce, sai an san hannun da ta bi kafin ta iso, domin kayan ƙwace ba ya halatta don ya daɗe a gidan tarihi. Na biyu, hukuncin da ya mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa shi ne kuma ya buɗe hanyar da mafi yawan tarin ya watsu a hannun masu saye. Haƙƙin mai kaya da amfanin masu bincike ba kullum suke tafiya hanya ɗaya ba.

5. Suna Dabam, Shaida Dabam

Wanda ya ga fosta ta yi suna a yau, sai ya zaci ta yi suna a zamaninta. Misalai uku sun isa su nuna kuskuren wannan zato.

A 1939 Ma'aikatar Watsa Labarai ta Ingila ta shirya fastoci uku masu kambin sarauta a sama da 'yan kalmomi a ƙasa. An manna biyu. Ɗaya daga ciki ta jawo suka, domin ta ce wa jama'a ƙarfin halinku zai kawo mana nasara, sai mutane suka riƙa tambayar su wane ne ku, su wane ne mu. Ta uku ita ce ja mai kalmomi biyar, Keep Calm and Carry On, watau a natsu a ci gaba da harka. An buga kimanin miliyan 2.45, aka ajiye sai ranar da bama-bamai suka tsananta. Kafin wannan rana ta zo, ƙarancin takarda ya sa aka narkar da mafi yawansu daga 1940. Kaɗan ne ƙwarai suka hau bango. A shekara ta 2000 wani mai kantin tsofaffin littattafai a garin Alnwick, Stuart Manley, ya tsinci kwafe ɗaya a ƙasan akwatin littattafan da ya saya a gwanjo. Matarsa ta rataye a kanti, masu ciniki suka yi ta nema, suka fara buga kwafe. Yau tana jikin riguna da kofuna a duniya duka a matsayin alamar jimirin mutanen Ingila, alhali waɗanda suka sha ruwan bama-baman ba su san ta ba.

Haka hoton matar nan mai jan ɗankwali da ta naɗe hannun riga tana nuna damtse. J. Howard Miller ya zana shi don kamfanin Westinghouse, aka rataye a cikin masana'antunsa na mako biyu kacal daga 15 ga Fabrairu 1943. Manufarsa ita ce ma'aikatan da ke ciki su dage da aiki. Sai a farkon shekarun 1980 aka sake fito da shi, masu fafutikar haƙƙin mata suka ɗauke shi ya zama tutarsu, suka ba shi ma'anar da kamfanin bai nufa ba. Shi kansa hoton Kitchener, bincike ya nuna cewa kwamitin majalisa mai neman sojoji bai buga shi cikin fastocinsa ba, sunansa ya fi girma bayan yaƙin.

Akwai kuma waɗanda aka hana su fita. Abram Games, wanda ya zana wa Ma'aikatar Yaƙi ta Ingila fastoci kimanin 100, ya yi wata mai nuna sabon asibitin Finsbury, a bayansa kuma ga wani yaro mara lafiya a cikin kango. Nufinsa sojoji su ga ƙasar da za a gina bayan yaƙi. Churchill ya ga cin fuska ne ga ƙasa, aka janye ta a 1943. Ga mai tarihi, wannan da aka janye ta fi wasu ɗari da aka manna bayani, domin ta nuna iyakar abin da gwamnati ta yarda a faɗa.

Wasu kuma mantuwa ce ta cece su. A Mosko, masu zane na kamfanin dillancin labarai na TASS sun fitar da zane fiye da 1,200 tsakanin 1941 da 1945, kusan kullum sabo, ana shafa launukan da hannu ta cikin takardu masu huda. An aika da wasu ƙasashen waje don neman goyon baya. A 1997 ma'aikatan Cibiyar Zane-zane ta Shikago suka tarar da ƙunshi 26 a lungun ɗakin ajiya, a ciki akwai 157 daga cikinsu, an yi shekara hamsin ba wanda ya kwance.

Saboda haka fosta shaida ce ta abin da hukuma ta so jama'a su ji. Sau da yawa tana nuna abin da hukuma ke tsoro, domin ba a horon mutane su kama baki sai ana surutu, ba a roƙonsu su zo aiki sai ana fashi. Abin da jama'a suka ji a zuciyarsu kuwa, sai an haɗa da wasiƙu da jaridu da rahotanni da bakin waɗanda suka ga zamanin.

6. Gane Na Asali da Adana Shi

Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma jabun fosta yana da alamu. Da farko a duba ƙasan takardar, inda ake sa sunan maɗaba'a. Na gwamnatin Amurka na Yaƙi na Biyu sukan ɗauki sunan maɗaba'ar gwamnati da shekara da lamba, na Ingila kuma sukan ɗauki sunan ofishin ɗab'i na Sarki da lambobin aikin. Sa'an nan a auna girma, domin kowace ƙasa da ma'auninta, kamar inci 20 da 30 da aka saba a Ingila. Alamar ninki ba aibi ba ce, domin yawancin na Amurka a ninke aka aika da su ta gidan waya. A kuma sa madubin ƙara girma: bugun dutse yana nuna launi shimfiɗe ko da ɗan barbaɗi marar tsari, amma in an ga ɗige-ɗige jere reras a hoton da aka san da dutse aka buga shi, to ɗaukar hotonsa aka yi aka sake bugawa. Daga ƙarshe akwai fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita. Tun daga shekarun 1950 ake sa wa takarda wani sinadari don ta ƙara fari, kuma yana ƙyalli a ƙarƙashin wannan fitila, takardar zamanin yaƙi kuwa ba ta yi.

Adanawa ta fi ganewa wuya. An buga fastocin yaƙi a kan takarda mai araha da aka yi da niƙaƙƙen itace, mai ɗauke da asid da ke sa ta yi ja ta riƙa karyewa. Hasken rana yana kashe launi, kuma abin da ya kashe ba ya dawowa. Ƙwararru sukan manna fosta a kan takarda marar asid da ƙyalle a baya, da sitacin alkama, don in bukata ta taso a iya jiƙawa a raba su. Ƙa'idar ita ce kada a yi wa takarda abin da ba a iya warwarewa. Don haka salatif da liƙe takarda cikin leda da zafi ɓarna ce, ko da kyakkyawar niyya aka yi. A ƙasa mai zafi abokan gaba sun ƙaru: gara da kyankyaso da ɓera, da laimar damina mai kawo fumfuna, da bushewar hunturu mai sa takarda ta tsage. Maganin da kowane ofis zai iya shi ne a shimfiɗa takarda a kwance cikin aljihun kabad na ƙarfe, a ɗaga daga ƙasa, a nisanta da bango da taga, a riƙa dubawa.

7. Rabon Afirka ta Yamma

Yaƙe-yaƙen nan ba su tsaya a Turai ba, fastocinsu ma haka. A 1917 Faransa ta keɓe rana don rundunar Afirka da sojojin ƙasashen da take mulka, Lucien Jonas ya zana fostar ranar da hoton sojan Afirka yana kai farmaki. A Yaƙi na Biyu Ingila ta buga masu nuna sojojin daularta suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, da masu yaba wa ƙasashen da take mulka saboda gyaɗa da kuza da roba. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka yi yaƙi a Bama, kuma Hausa ce harshen da sojojin Nijeriya da yawa suke mu'amala da shi a cikinsu.

A nan ma sai a karanta da lura. Bayan Japan ta kama Malaya a 1942, Ingila ta dogara ga kuzar Jos, aka kuma tilasta wa dubban talakawan Arewa aikin haƙar ma'adinai daga 1942 zuwa 1944, da yawa suka mutu saboda sanyi da cuta da ƙarancin abinci. Takardar yabo ba ta nuna wannan. Wanda ya ajiye ta tare da rahoton ma'aikata na waɗannan shekaru ya ajiye tarihi cikakke.

A ƙasar Hausa, aikin da fosta ta yi a Turai an raba shi tsakanin mai shela da mawaƙi da jarida. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a Janairu 1939, Abubakar Imam yana editanta, tana kawo labarin yaƙi tana ƙaryata jita-jita. A 1941 aka ƙara 'Yar Gaskiya da ajami, aka kuma fito da Suda, takardar labarin yaƙi da ake rabawa kyauta. Waɗannan 'yan'uwan fosta ne, don an yi su ne a karanta a yar. Haka takardun da ɓangarori biyu suka buga a yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, da na wayar da kai lokacin komawa tuƙi ta hannun dama a 1972 da canjin kuɗi zuwa naira a 1973.

8. Kammalawa

An ga cewa abin da ya tsira daga fastocin yaƙi ya tsira ne ta hannun mutum uku: mai hangen nesa irin Leblanc, mai sha'awa irin Sachs, da wanda ya manta da ƙunshi a lungu. Ba ko ɗaya da ya san wace takarda ce za a nema bayan shekara hamsin. Wannan shi ne hujjar ajiye kowace iri, ba waɗanda suka burge kaɗai ba.

Aikin yana kan ɗalibi da ma'aikaci. Ɗalibin da ya koma gida hutu, ya nemi izinin duba akwatin tsohon sojan gidansu, ya rubuta sunan mai takarda da inda ya same ta da shekarar, domin takardar da ba a san asalinta ba ta rasa rabin amfaninta. Ma'aikacin da aka ce ya share ɗakin ajiya, kafin ya sa ashana ya tuna akwai Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, akwai Gidan Arewa da aka kafa a 1970, akwai ɗakunan karatu na jami'o'i. Ma'aikatar da ke buga sanarwa kuma ta ware kwafe biyu na kowace, ta rubuta kwanan wata da yawan abin da aka buga a baya. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an sami wanda ya rufe tulun tun tana sabuwa.